Abin da Ke Bayan Zana

Hillat Tukur, farkon Agusta

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ina fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya muke, sai kakata Iya da tari ya dame ta tun saukar ruwa, amma tana cin abinci. Ta ce in gaishe ki, in kuma tambaye ki ko hanyar gidan 'yar'uwar uwarki ce ta ɓace miki, don rabonta da ke tun sunan ƙanina.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Na fi sabawa da Larabci, amma kin taɓa ce mini in zan rubuto miki in yi da Hausa, kada bakin gida ya kuɓuce mana. Ban kira ki a waya ba saboda wayar Baba ce kaɗai a gidan, maganar kuma ba ta gaban Baba ba ce. Zan ba Khalid direban hafila, bas ɗin nan, ya kawo miki.

Na ji an ce kina cikin lajna, wato kwamitin da ke duba makarantarmu ta 'yan mata, wadda mahalliyarmu, ƙaramar hukumar nan ta arewa, da taku ta kudu suka haɗu suka kafa, kuma za ku kawo ziyara kafin damina ta wuce. Shi ya sa na yi ƙarfin halin rubutowa.

Goggo, bahar, kogin nan namu, yana cin gaɓa. Lokacin da na shiga aji ɗaya, tsakanin bayan makaranta da ruwa akwai gonar albasa da itatuwan lemo. Gonar ta tafi, lemon ya bi ta. Ranar Juma'ar da ta wuce, da babu kowa a makaranta, bayan gidan 'yan mata ya faɗa ruwa gaba ɗaya, har da ƙofarsa. Ajinmu na uku shi ne na ƙarshe ta wannan gefen. Muna cikin karatu sai mu ji ƙasa ta ɓalle ta faɗa ruwa, sai Ustaz Zakariya ya ƙara ɗaga murya a kan darasi kamar bai ji ba.

'Yan matan ƙauyukanku ba su ga wannan ba, domin tun da kwarin da ya raba mu ya cika suka daina zuwa. Shehun gari, Malam Sabi'u, ya tara iyaye a masallaci, suka yanke cewa kada lajna ta sani. Sun ce mutanen kudu sun daɗe suna neman dalilin mayar da makarantar garinku Um Kuka, in suka ga gaɓar nan sun samu. Baba ya riga ya ce in aka mayar da ita can, ni da karatu sai dai labari, ba zai bar ɗiyarsa tana hawa mota kullum zuwa wani gari ba. Yawancin iyaye haka suka ce.

Maganar bayan gidan kuwa babu mai iya furta ta. Yanzu ba ma shan ruwa da safe don kada mu matsu. Shekaranjiya ƙawata Najwa ta yanke jiki ta faɗi a layi, aka ce rana ce.

Ban san daidai abin da nake roƙo ba. Ina son a fitar da mu daga bakin ruwa, ba na son a ɗauke makarantar daga garinmu. Ke kaɗai ce mace a lajnar. Namiji ba zai buɗe baki ya ce a nuna masa bayan gidan 'yan mata ba, ke kuwa za ki iya. Don Allah kada Baba ya ji.

Ɗiyarki,
Ilham

*

Um Kuka, Agusta

Ɗiyata Ilham,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, har da tabon man mota a jikinta. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Ki ce wa Iya ta bar shan jabana, gahawar nan tata, da sassafe ba komai a ciki, tarin zai bar ta. Ki ce kuma hanyar ba ta ɓace ba, ita ce ba ta aiko da raksha mai ƙafa uku ta ɗauke ni ba.

Ashe 'yar Salihu mai ɓuya bayan labule in baƙi sun zo har ta iya cika shafi biyu. Na karanta sau biyu, na ajiye, na kasa cin abinci.

Bari in gaya miki yadda lajnarmu take, don kada ki ɗauka hakima ce ni. Rabi mutanenku ne, rabi namu. Bana shugaba naku, baɗi namu. Babu abin da ke wucewa sai ɓangarorin biyu sun sa hannu. Mun taɓa cinye zama uku a kan launin fentin ƙofar makarantarku, har yau ƙofar ba ta ga fenti ba.

Tsoron da dattawanku ke yi ba na banza ba ne. Shugaban ɓangarenmu, Ustaz Adam, yana da fili a shirye a nan Um Kuka, kullum sai ya ambace shi. In ni na miƙe na ce a nuna mini bayan makaranta, mutanenku za su ce an turo ni ne, mace 'yar kudu ta zo tono. Mutanenmu kuma za su cafe maganar daga bakina kafin in rufe shi. Daga nan ta daina zama maganar 'yan mata, ta koma kokawar maza.

Wannan kaya ba zan iya ɗaukarsa ni kaɗai ba, dole wani ya kama mini. Zan ga abin da zan yi kafin ranar.

Ki sha ruwa, kina ji na? In kin matsu ki tafi gidan da ya fi kusa ki yi sallama. Babu matar da za ta hana ki.

Goggonki,
Sakinatu

*

Hillat Tukur, tsakiyar Agusta

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Iya ta ji sauƙi, ta ce jabana ba ta taɓa kashe kowa ba.

Goggo, ki gafarce ni, amma tun da na karanta takardarki hankalina bai kwanta ba. Wane ne zai kama miki? Wa kike da shi a can in ba Ustaz Adam da mutanensa ba? In kin gaya musu, to ni ce na miƙa musu makarantarmu da hannuna. Na rubuto miki ne a matsayin goggona, ban rubuta wa mahalliyar kudu ba. In na yi rashin kunya ki yafe mini, amma ba zan goge layin nan ba.

An fara nafir, aikin gayya, gari duka ya fito aiki. Maza sun kafa dirkoki a bayan ajinmu, sun ɗaura zana mai tsawo wadda ta fi kan mutum, tun daga bango har zuwa katanga. In ka tsaya a tsakar makaranta ba ka ganin ruwa, sai dai ka ji shi. Mata sun shafe bango da farar ƙasa. An kafa rumfar baƙi can gaba, kusa da ƙofar shiga. Malam Sabi'u ya ba da rago, ya ce a fara ciyar da baƙin kafin su zaga. Na ji yana gaya wa Baba cewa mutanen lajna 'ya'yan mutunci ne, wanda ya ci abincinka ba zai tashi ya je yana leƙa maka bayan ɗaki ba, kai ma ba za ka tare shi da kuka ba. Baba ya ce haka ne.

Na tambayi Iya ko wannan ba ƙarya ba ce. Ta ce, “Ke ɗiyar nan, tun da kakanninmu sunka sauka bakin bahar ɗin nan ba mu taɓa nuna ma baƙo tsummanmu ba. Da hakan munka zauna da mutunci.” Na ce to in tsumman ya faɗa ruwa da mu a ciki fa? Ta jefe ni da mafici.

Wani abu kuma. An zaɓe ni in karanta jawabin ɗalibai a gaban lajna, wai don na fi kowa maki a Larabci. Ustaz Zakariya ne ya rubuta. A ciki akwai inda zan ce muna godiya da makarantarmu mai ƙarfin gini a bakin kogi mai albarka. Da ya miƙa mini takardar bai dubi idona ba. Ni da ko amsa a aji sai muryata ta yi rawa.

Don Allah ki ba ni amsa tare da Khalid. Ki gaya mini wa kika faɗa wa.

Ɗiyarki,
Ilham

*

Hillat Tukur, ƙarshen Agusta

Goggo,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta hana ki rubutu. Mu nan lafiya.

Kullum sai na tsaya a tasha in na taso daga makaranta. Khalid ya ce ruwa ya yanke hanya, shi yanzu a Mai Wurno yake juyawa, takardata kuma ya ba wani mai lori da ke zagayawa ta kwalta. Ban sani ba ko ta iso ki kika yi fushi, ko ba ta iso ba.

An sa ranar ziyara, Laraba mai zuwa. Jiya dirka ɗaya ta zanar ta karkata, don ƙasar da ke ƙarƙashinta ta fara tafiya. Aka matso da ita ciki aka sake ɗaurewa. Yanzu in na miƙa hannu ta tagar ajinmu ina taɓa zanar.

Na haddace jawabin. Ina karanta wa awaki shi a bayan gida, su ma ba sa saurara. In kin zo ranar Laraba, ki dube ni sau ɗaya kawai. Zan gane.

Ilham

*

Hillat Tukur, farkon Satumba

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Iya lafiya, Baba lafiya, sai dai ba ya yi mini magana.

Ba ki zo ba. Motoci suka tsaya, na bi masu fitowa ɗaya bayan ɗaya da ido, duk jallabiya da rawani, babu lulluɓin tob na mace ko ɗaya. Na ce a raina ko dai kin sayar da mu kin ji kunyar zuwa, ko kin bar ni. Bari in ba ki labari yadda ya faru, don za ki ji shi a bakin wasu da ƙari.

An yi yadda Malam Sabi'u ya tsara. Baƙi suka zauna a rumfa, aka kawo nama da kisra, suka ci, aka zuba musu ruwa suka wanke hannu, aka kawo shayi. Ustaz Adam ya yaba farar ƙasar bango. Shugaban ɓangarenmu ya ce ai mutanen Hillat Tukur ba su wasa da amana. Wani ya duba agogo ya ce su leƙa aji ɗaya ko biyu su kama hanya kafin hadari. Babu wanda ya kalli zanar.

Sai aka kira ni. Na fito da takardar. Na fara karantawa, wani daga cikin baƙin ya ce, “Ɗaga murya, yarinya, ba mu cin mutane, mun ƙoshi.” Aka yi dariya. Na karanta duka, Goggo, har da ƙarfin gini, har da kogi mai albarka. Aka tafa. Ustaz Zakariya ya yi mini alama in koma layi.

Ban koma ba. Ba jarunta ba ce, ƙafar ce ta ƙi. Na hango Najwa a layi, leɓenta ya bushe ya tsage. Sai na ji bakina ya ce da Larabci, don kowa ya ji, “Ba mu da bayan gida. Ya faɗa bahar.”

Na faɗi kalmar a gaban Baba, a gaban liman, a gaban baƙi da shayi a hannunsu. Malam Sabi'u ya ce da Hausa, “Ɗiyar wa ce wagga?” alhali shi ya raɗa mini suna. Baba ya sunkuyar da kai. Shugaban ɓangarenmu ya yi murmushi ya ce yara da shirme, za a duba. Na ce, “Ku zo ku duba yanzu, ga shi nan kusa.”

Na juya na nufi zanar. Babu wanda ya tare ni, ina jin babu namijin da ya san yadda zai kama ɗiyar wani a gaban jama'a. Na kama igiyar zan kwance, ƙullin ya ƙi. Sai na ji Najwa a gefena tana cewa, “Matsa, ke ko zaren allura ba ki iya warwarewa.” Ta sa haƙori ta ja. Sauran 'yan ajinmu suka zo suka tura. Na ɗauka zanar za ta kwanta a ƙasa. Ashe babu ƙasar da za ta kwanta a kai. Ta kifa cikin ruwa, bahar ya tafi da ita muna kallo.

Baƙin suka taso. Ustaz Adam ya zo har da kofinsa, ya leƙa, ya ja da baya. Ya ce, “Ya jama'a, a nan yaran ke zama?” Ban ga farin ciki a fuskarsa ba a lokacin, gaskiya zan faɗa. Amma kafin su koma rumfa ya ambaci filin Um Kuka, namu suka ce sai dai bayan ransu, aka shiga hayaniya. Abu ɗaya suka sa wa hannu duka: an rufe makarantar daga ranar.

A gida Baba bai doke ni ba. Yana zaune, ina tsaye a gabansa, sai ya ce wa Iya, “Ki gaya wa waccan ta samu abin da take so.” Tun ranar ta bakin Iya yake yi mini magana.

Ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba. Amma in an sake ɗaura zanar, zan sake kwance ta. Ina son ki san wannan, ko da wane gefe kike.

Ɗiyarki,
Ilham

*

Um Kuka, tsakiyar Satumba

Ɗiyata Ilham,

Wa alaikumus salam. Takardunki uku rana ɗaya suka iso ni, mai lorin ya manta da biyu a ƙarƙashin kujera. Na karanta su a jere, na sha zagi, na sha roƙo, na sha labari. Lafiyata ƙalau, ki gaida Iya.

Wanda na ce ya kama mini, ke nake nufi. Maganar sai ta fito daga bakin 'yar arewa, 'yar makarantar, sannan ni in tsaya a bayanta. Na ji nauyin in rubuta wa ɗiyar mutane ƙarara cewa ta tashi ta kunyata ubanta, sai na yi ta kewaye. Ban gaya wa kowa komai ba. Ke kuma da kika tashi zargi ba ki yi kewaye ba. Wannan halin na Iya ne, ba na Salihu ba.

Rashin zuwana kuwa, ki ji abin dariya. Ƙa'idar lajna ce a fita ziyara da adadi daidai, kada wani ɓangare ya fi wani yawa. Da safiyar Larabar aka bugo waya cewa mutum ɗaya daga ɓangarenku zazzaɓi ya kwantar da shi. Dole mu ma mu rage ɗaya. Na riga na sa ƙafa a mota, da gwiwar nan tawa, suka dubi juna suka dube ni. Ustaz Adam ya ce, “Hajja, hanya ba kyau, ki huta.” Na ce masa ashe ku tausayi na zuwa muku in ana neman wanda za a sauke. Na wuni a tsakar gida ina tunanin ki.

Yanzu ga inda ake. Namu sun ce Um Kuka ko babu, naku sun ce Hillat Tukur ko babu. Kowa ya fi son makaranta a rufe a kan ya ga ɗaya ya ci. Za su iya kai shekara a haka, cikinsu babu mai jarrabawa a gabansa. Akwai zama a ƙarshen wata. Ki gaya mini, a garinku akwai wani rufin da zai ɗauke ku, nesa da ruwa? Kada ki tambayi dattawa, ki duba da idonki.

Salihu zai sauko. Tun yana yaro in ya yi fushi sai ya yi ta magana da bango.

Goggonki,
Sakinatu

*

Hillat Tukur, Satumba

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin takardarki, na kuma ji kunya. Ki yafe mini zargin. Kowa lafiya.

Ruwa ya fara ja da baya, bangon ajinmu kuma yana nan tsaye. Bai faɗi ba. Mutane har zuwa suke yi su nuna shi. A wurin famfo wata ta ce, yadda zan ji, ga wadda ta rufe makaranta saboda bangon da bai san ana yi ba. Wata ta ce ɗiyar da ta iya ambatar bayan gida a gaban liman, me ya rage ba za ta faɗa ba? Na cika jarkata na ɗauka. Da na zo wucewa na ce musu baɗi ma akwai damina. Sun kuwa ji.

Rufi akwai. Makarantar firamare ta maza tana tsakiyar gari, ana tashi kafin azahar, daga nan sai awaki. Tana da bayan gida mai ƙofa, na je na gani. 'Yan ƙauyukanku ma za su iya zuwa in kwari ya bushe, ta fi musu kusa da Um Kuka. Ustaz Zakariya ya aiko matarsa ta ce mini a ɓoye malamai sun yarda su koyar da yamma. Malam Sabi'u ya san da wannan, amma ba zai nema ba, don in ya nema ya yarda ke nan cewa zanar kuskure ce.

Goggo, ki gaya wa lajna, in suka tashi zaman nan ba su yanke komai ba, mu 'yan aji uku za mu hau hafila mu zo mu zauna a ƙofar ɗakin taronsu da littattafanmu, mu yi karatun a can. Mun yi magana, mun shirya. Ba barazana nake yi ba, ban iya ba. Ina faɗa ne don kada su ce ba a gaya musu ba.

Ɗiyarki,
Ilham

*

Um Kuka, farkon Oktoba

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. A gurguje, Khalid yana jira da mota a kunne. Ina lafiya.

An yi zaman. Ɓangare ba ya gabatar da buƙata sai duk mutanensa sun sa hannu. Aka miƙo mini takardar mayar da makaranta Um Kuka, na ce tabarauna na gida. Aka ce a karanta mini, na ce kunnen ma na gida. Ustaz Adam ya ce, “Hajja, ke ta wace mahalliya ce?” Na ce ta wadda aka sauke daga mota.

Da tasu ta faɗi, na kawo tawa da bakina, ba da sunan ɓangare ba: karatun yamma a makarantar maza ta Hillat Tukur, na wucin gadi, har sai ɓangarorin biyu sun daidaita a kan wurin sabon gini. Na kuma isar da saƙonki yadda kika rubuta shi. Babu wanda ya so a ga 'yan mata zaune a ƙofarsa mutanen kasuwa na kallo. Suka sa hannu, kowa yana hararar ɗan'uwansa. Ni da na san su, wannan wucin gadin sai ƙannenki sun gama karatu a cikinsa.

Ni kuma an gode mini da hidima, an ce in huta, za a kawo wani a kujerata. Kada ki damu, kujerar dama tana ci mini baya. Abin da ya dame ni, wanda za a kawo namiji ne. Sai ku riƙa buɗe bakinku da kanku.

Goggonki,
Sakinatu

*

Hillat Tukur, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta bar ki kin huta. Iya ta ce tun da an sallame ki ba ki da sauran uzuri, ki taho a yi miki gado kusa da nata. Ni ban san da wane baki zan yi miki godiya ba, kujerarki ta tafi saboda mu.

Mun koma karatu. Bencunan yaran ƙanana ne, gwiwoyinmu na taɓa haɓa, sai aka kwaso namu daga tsohuwar makaranta. Baba ne ya yi jigilarsu da karonsa, keken jakin nan, bai ce wa kowa komai ba. 'Yan kudu sun dawo. Muna shan ruwa yadda muke so.

Amma ajinmu bai cika ba. Mahaifin Najwa ya hana ta. Ya ce ni dai baki na sa, ita kuwa haƙori ta sa a gaban baƙi kamar ba ta da gida, ya ce ta gama karatu. Goggo, ni na fara, ita ta zo ta taimake ni. Ba zan zauna a aji wurinta na nan babu kowa ba.

Kullum kafin in wuce makaranta sai na biya ƙofar gidansu. Ba na shiga. Ina yin sallama, in gaishe shi in yana zaure, in ce na zo tafiya da Najwa. Ranar farko ya yi kamar bai ji ba. Daga baya ya ce, “Ke ba ki da aikin yi ne?” Na ce ina da shi, Baffa, shi ne wannan. Nakan tsaya kaɗan, sannan in tafi. In na taso in miƙa wa ƙanwarta darasin ranar ta kan katanga. Najwa ta aiko cewa rubutuna ya fi na kaza muni, in riƙa natsuwa.

Shekaranjiya mahaifin nata ya gaji, ya ɗauki sandarsa ya je ya sami Baba a gona ya kai ƙarata. Na dawo na tarar da Baba a tsakar gida yana gyaran igiyar jaki. Na gaishe shi, na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Can ya ce wa Iya, “Ki gaya wa waccan, in za ta ƙofar mutane ta daina bi ta bayan gari kamar mai laifi. Ta bi ta gaban masallaci.”

Iya ta ce, “To ga ta nan tsaye, kai ba ka da baki?” Ya ce igiyar ce ba ta da kyau, ya tashi ya fita.

Jiya ta gaban masallaci na bi, daidai an fito sallar azahar. Malam Sabi'u yana tsaye yana sa takalmi. Na gaishe shi, ya tambaye ni ina zuwa, na gaya masa. Mahaifin Najwa bai bar ta ta fito ba tukuna. Yau ma ta can zan bi, don haka zan tsaya a nan, lokaci ya yi.

Ɗiyarki,
Ilham